Raɓa Tsakanin Gilasai Biyu

Ni kafinta ne, haifaffen wani ƙauye kusa da Korgom. Ubana ya koya mini sassaƙar turmi da ƙotar hauya, daga baya na yi shekaru a Maradi na koyi aikin ƙofa da taga. Da na dawo sai na kafa rumfa a wani gari da ke tsakanin Tasawa da Mayahi, na yi aure, Allah ya ba mu ɗiya uku. A nan Anasaran froje, wato aikin taimakon manoma, suka same ni.

Frojen nasu na irin shuka ne. Bayan farin da ya cinye dabbobin ƙasar, suka zo suka yi gini a bakin gari: babbar mangaza ta ajiyar kaya, da biro, wato ofis, da wani ɗaki mai na'urar sanyi wadda muke ce wa kilim, ga inji a baya yana ba ta wuta. A ɗakin sanyin suke ajiye irin hatsi da na wake da suke gwadawa. Tagoginsa huɗu ne, cikin akwatuna aka kawo su daga ƙasarsu, ni aka kira na kafa su.

Ban taɓa ganin irinsu ba. Kowace taga gilashi biyu ne suna fuskantar juna, tsakaninsu rata kamar kaurin ɗan yatsa. An zagaye ratar da siririn ƙarfe mai rami a ciki, aka liƙe bakin da baƙin danƙo. Injiniyansu, wani dogon Anasara mai Hausa tsinto-tsinto, ya ce iskar da aka kulle a tsakani ita ke hana zafin waje shiga. Ya karya wani guntun ƙarfen da ya lanƙwashe a hanya, ya zazzage mini a tafin hannu. Wasu 'yan ƙwayoyi ne farare, ba su kai ƙwayar hatsi ba.

"Waɗannan su ke shan laima," in ji shi. "In danƙo ya tsage, iska ta shiga, za su sha har su ƙoshi. In sun ƙoshi, za ka ga raɓa a ciki. Raɓa ta waje, goge da tsumma. Raɓa ta ciki, tsumma bai zuwa wurin. Taga ta mutu."

Ya nuna mini wasu 'yan ramuka a ƙasan firam ɗin, inda ruwan sama ke bi ya fita. Ya ce kowane wata in sa tsinke in buɗe su, don kada ruwa ya kwanta ya jiƙa danƙon. Robar da ke gefe kuma a shafe ta da ruwan sabulu, ban da kananzir, ban da toka. Na riƙe duk wannan. Shekara uku ina zuwa ranar Asabar ta farkon wata da tsinkena da tsummana, tagogin nan kuwa suna ƙyalli kamar ranar da aka fito da su.

Sai wa'adin froje ya cika, Anasara suka tattara suka tafi, gini ya koma hannun gwamnati. Sojoji ke mulki a lokacin. Aka bar ni da sunan mai kula da ƙofofi da tagogi, amma babu wanda ya ƙara tambayata komai, ni ma na fara yin sanyi. Ana cikin haka damina ta sake yaudararmu. Hatsi ya yi kai ya bushe a tsaye. Wanda bai ci ba ba ya sa a yi masa ƙofa, saboda haka aiki ya mutu a rumfata. Kwanakina suka koma na yawo: yau ina ƙauye wajen uwata, gobe ina kasuwar Kanan-Bakashe ina tallar kujerar da ba mai saye. Matata tana jiƙa anza, 'ya'yan itacen daji, kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita yara su iya haɗiya. Fiye da shekara ban sa tsinke a ramukan nan ba. Na sha wucewa na ga zanzaro ya yaɓe su da laka ya yi gida, in ce sai wani satin.

Da hatsin agaji ya fara zuwa, jar dawa ce cikin buhuna, sai aka zuba shi a mangazar froje, aka turo wani kapiten da sojojinsa su kula da rabo. Kapiten ɗin saurayi ne, fari, mai tsafta ƙwarai. Takalminsa kullum kamar an lashe. Da ya zagaya ginin ya ji sanyin ɗakin iri, ya ce nan ne bironsa. Aka kwashe gwangwanayen irin da Anasara suka yi shekaru suna tacewa aka jibge a baranda. Kafin sati an dake irin an sha a kunu. Kilim kuwa ta koma aiki tun safe har yamma.

A lokacin ne na san Baffa. Haka kowa ke kiransa, ni ma haka na kira shi. Bafulatani ne daga wajen Isawan, tsoho dogo, siriri kamar sandarsa. Shanunsa sun ƙare ɗaya bayan ɗaya a bakin rijiyoyin da suka ƙafe, ɗansa ya tafi Najeriya cin rani ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ya iso garinmu da matarsa da jikoki mata biyu, suka kafa bukkar tsumma a bayan kasuwa inda irinsu suka taru. Mai riƙe da makullin mangaza ya ji tausayinsa ya samo masa aikin shara. Ladansa ɗan hatsin da ake zuba masa a ƙwarya da yamma, kuma da shi mutum huɗu ke rayuwa.

Muka saba. Da hantsi mukan zauna ƙarƙashin itacen bedi mu raba goro ɗaya. Ba ya maganar yunwa, sai ta shanu. Yakan lissafo mini su da launinsu da halinsu, wadda ba ta yarda kowa ya tatse ta sai matarsa, da wadda ke sanin hadari tun kafin ya haɗu. Da ƙaramar ɗiyata ta kamu da zawo, shi ya shiga daji ya saro wani sassaƙe, ya ce a dafa a ba ta da gishiri kaɗan. Ta tashi. Ni kuma na nuna masa yadda ake goge gilashi. Ya iya nan da nan. Yakan bi shi a hankali da tafin hannu cikin tsumma, kamar mai shafa bayan maraƙi.

Damina ta gaba ta shigo da alkawari. Aka yi ruwa ɗaya mai ƙarfi, kowa ya fita ya shuka abin da ya rage masa. Daga nan sai hadari ya riƙa haɗuwa yana watsewa. Iska ta yi nauyi, jiki na danƙo, amma ko ɗigo. Ruwan nan guda ɗaya ya kwanta a cikin firam ɗin tagogin, don ramukan a toshe suke, ya ratsa danƙon da rana ta riga ta tsattsaga.

Wata safiya aka aiko soja ya kira ni in gyara ƙafar teburin kapiten. Na iske layin masu karɓar hatsi ya miƙe har bakin hanya, yawanci mata, da ƙorai da 'ya'ya a baya. Ina shiga biro idona ya faɗa kan tagogin gabas guda biyu. Sun yi fari fat, kamar an hura musu numfashi, har wasu 'yan ɗigo na gangarowa. Kallo ɗaya na san a ciki raɓar take.

Kapiten yana tsaye, Baffa na gogewa. Ya goge ta ciki, ya zagaya da sauri ya goge ta waje, ya dawo. Farin yana nan.

"Tsoho, wasa kake da ni?" in ji kapiten. "Hatsin gwamnati kake ci kullum, gilashi huɗu sun gagare ka?"

"Ranka ya daɗe, na goge. Wallahi na goge. Abin ba ya kamuwa."

"Ba ya kamuwa!" Ya juyo gare ni. "Kai, kafinta. An ce kai ka kafa su. Wannan datti ne ko ba datti ba ne?"

Amsar tana bakina, da muryar Anasaran nan ma. Amma a cikin ƙiftawar ido na hango inda za ta kai ni. In na ce taga ta mutu, zai ce me ya kashe ta. In na ce ruwa ya kwanta, zai ce wa ke kula da ita. Na ga abin da aka yi wa wani direba da aka ce ya lalata motar gwamnati, kwana tara yana kulle, ya fito ba ya iya miƙe bayansa. Na tuna ɗiyana uku. Baffa yana kallona, tsumma a hannu, da fuskar wanda ya ga ɗan'uwansa ya iso.

Na ce, "Ranka ya daɗe, sai an duba."

Iyakar abin da na faɗa ke nan. Na sunkuya na kama ƙafar tebur.

Kapiten ya sa aka fitar da Baffa aka durƙusar da shi kan tsakuwa a tsakiyar fili, hannuwa sama, tsumman a kansa. Gaban layin matan nan, waɗanda da yawansu maƙwabtansa ne a bayan kasuwa, wasu ma sun sha nonon shanunsa a shekarun arziki. Suka sunkuyar da kai. Wata tsohuwa ta ce "La'ilaha illallahu" da ƙarfi, soja ya daka mata tsawa. Ni ina ciki, cikin sanyin kilim, ina buga ƙusa. Ban taɓa daɗewa a kan ƙafar tebur ɗaya kamar ranar ba.

Da rana ta take, gilashin ya ɗumama, raɓar ta ɓace da kanta, kamar yadda na san za ta yi. Kapiten ya duba ya yi dariya. Ya ce wa sajansa, "Ka gani? Vuwala. Su mutanen nan sai da horo." Aka ce Baffa ya tashi. Sai da aka kama shi.

Washegari farin ya dawo. Aka sake durƙusar da shi. A rana ta uku kapiten ya ce ya gaji, a kore shi, kada a sake ganinsa a harabar, ko a layi. Duk kwana ukun nan ban je ƙarƙashin bedi ba. Na ce wa matata zazzaɓi nake ji.

Aka ba wani ƙaramin soja aikin gogewa. Ya sa sabulu, ya sa omo, ya sa toka, har ya kankare gilashin da ciyawar wanke tukunya. Da abin ya ci tura, ga shi an aiko cewa wani babba zai zo daga Maradi duba rabo, kapiten ya sake kirana. A wannan karon na faɗa masa. Na ce raɓar tsakanin gilasan take, danƙon ne ya tsage. Na ɗora wa rana laifin duka, ban ambaci zanzaro ba. Ya sa ido kusa da gilashin, ya ƙwanƙwasa da farce.

"A bon," in ji shi. "To, gyara. Kwana biyar."

Na tattara ɗan ƙarfin halin da ya rage mini na ce, "Ranka ya daɗe, tsohon nan fa? Tun da ba laifinsa ba ne."

Ya ɗago daga takardunsa. "Wane tsoho?"

Ba raini ne a muryarsa ba. Da gaske ya manta.

Anasaran ya ce irin wannan taga ba a gyara ta, sabuwa ake sakewa. Amma sabuwa tana bayan teku, ni kuwa kwana biyar gare ni. Na cire tagogin biyu na kai rumfata a amalanke, a kwance kan tabarmi. Na wasa wata tsohuwar wuƙa har ta yi siriri, na bi danƙon ina yanka a hankali har gilasan suka rabu. Cikinsu duk tabon ruwa, fari-fari kamar kanwa. Na wanke da ruwan tsamiya, na ɗauraye, na jingine su a inuwa suka bushe. Na zare siraran ƙarafan na zazzage ƙwayoyin. Sun kumbura, sun yi dunƙule-dunƙule. Na yi tunani, abin da ya sha ruwa ai wuta na iya fitar masa da shi. Na karɓi kaskon matata na ɗora a garwashi marar ƙarfi, na zuba su ina juyawa da cokali. 'Ya'yana suka ji ƙarar kasko suka taho da gudu, suna tsammanin gyaɗa ake soyawa. Suka tsaya suna kallo. Babbar ta tambaya ko ana ci. Uwarsu ta kore su, ita ma ta shiga ɗaki.

Danƙo kuwa wajen wani mai gyaran gilashin mota na samo a Tasawa. Na mayar da ƙwayoyin da zafinsu, na haɗa gilasan da tsakar rana lokacin da iska ta fi bushewa, na liƙe, na danne da buhunan yashi. Gilashi ɗaya ya ɓalle a kusurwa ya yanke ni a gindin babban yatsa, na ɗaure da ƙyalle na ci gaba. Kafin in mayar da su, na zauna na fasa gidajen zanzaro ɗaya bayan ɗaya, na buɗe ramukan tagogin huɗu duka. Aikin bai kai tsawon shan shayi ba. Shi ne abin da na kasa yi fiye da shekara.

Tagogin suka fito tas. Ranar da babban ya zo, an hana rabo, an kori layi tun asuba zuwa bayan tasha don kada fili ya yi muni. Ya shiga biro, ya sha ruwan sanyi, ya sa hannu a littafi, ya fito. An ce labule a sake yake duk zaman da ya yi. Da yamma kapiten ya kira ni ya yaba mini, ya sa aka ɗora mini rabin buhun dawa a ka.

Na kai gida. Matata ba ta tambaye ni komai ba, ta daka, muka ci tuwo irin wanda muka manta da shi. Ba zan yi ƙarya in ce ya tsaya mini a wuya ba. Ya wuce lafiya, har na ƙara.

Sai da gari ya waye na ɗebi wani abu a ƙwarya na nufi bayan kasuwa. Inda bukkar Baffa take babu komai sai duwatsun murhu uku da toka. Wata maƙwabciyarsu ta ce sun tashi kwana huɗu da suka wuce, sun yi kudu da ƙafa. Ta ce gwiwoyinsa sun kumbura, da sanda biyu ya tafi. Ta dubi ƙwaryar hannuna. Na miƙa mata, ta karɓa ba ta yi godiya ba.

Gyaran nawa bai yi wata biyu ba raɓar ta dawo. Amma kafin nan an ɗauke kapiten an kai shi wani wuri da ƙarin girma, injin wuta ya lalace, wanda ya gaje shi kuma bai damu da taga ba.

Shekaru suka wuce, ruwa ya dawo, rumbuna suka cika, aka yi mulkin farar hula aka sake komawa na soja. Wata ranar kasuwar Kanan-Bakashe na je sayen katako, sai na hango shi a layin masu igiya. Ya ƙara tsufa, ido ɗaya ya yi fari. Yana zaune ƙafafu a miƙe, yana tufka igiyar ɗaure dabbobi da zaren buhu. Wata budurwa na gefensa tana karɓar ciniki. Na yi kamar in wuce. Ƙafata ta ƙi.

Na durƙusa na yi sallama. Ya amsa, ya karkato da ido mai gani.

"Kafinta," in ji shi. "Kana nan da rai? Ina 'yar nan mai zawo?"

"Ta girma, Baffa. Tana lakwal, tana karatu."

"Madalla."

Na tambayi iyali. Ya ce tsohuwa ta rasu a hanya kafin su kai iyaka, ƙaramar jikar ta bi ta bayan sati biyu. Wannan da ke gefensa ce ta rage. Ya faɗe shi hannunsa bai daina tufka ba.

Na ce, "Baffa, akwai maganar da ke cina. Ranar nan a biro, da kapiten ya tambaye ni..."

"Ka san a ciki ruwan yake."

Na tambaye shi yadda aka yi ya sani.

"Ai kai ka gaya mini," in ji shi. "Ƙarƙashin bedi, tun farkon zuwana. Ka ce in raɓa ta shiga tsakani, tsumma bai zuwa wurin. Ka manta? Ni ban manta ba. Ina durƙushe ina ta tunawa."

"To, me ya hana ka faɗa masa?"

"In ce wa ya gaya mini? Kana da ɗiya uku."

Na ce ya gafarta mini don Allah. Ya ci gaba da tufka har ya kai ƙarshen igiyar, ya ƙulle bakinta da haƙori.

"Gwiwa tawa ce, na yafe," ya ce. "Tsohuwa da yarinya kuwa ba nawa ba ne da zan yafe. Sai ka jira ku haɗu."

Na ciro goro daga aljihu na miƙa masa. Ya ce haƙoransa sun daina. Budurwar ta dube ni, ta ce in ba igiya zan saya ba in ɗan matsa, na tare wa masu ciniki hanya. Na sayi guda biyu, ko akuya ba ni da ita, na tashi na nufi layin masu katako.